Ranar da Tabawa ta samu kore

Tun da aka ce ƙwayoyin cutar da ke kan fata suna shiga ƙashin baya, su bar mutum da ciwo har tsufa, aka hana goyo sai da shaidar asibiti. Wata goma sha huɗu Tabawa tana zuwa ana goga mata auduga a gadon baya, ana buga mata jan hatimin hana goyo a hannu. Ran Larabar nan kore ya fito.

Ko cefane ba ta tsaya yi ba. Ta wuce gidan 'yarta Rakiya da sabon majanyi a jaka.

"Inna, da gaske?" in ji Rakiya, tana jujjuya hannun uwar. "Ni har yau ja nake samu."

"Kwana uku suka ba ni. Ina jikata?"

Aka kawo Hajjo, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Tabawa ta durƙusa ta juya mata baya.

"Hau, ƙawata."

Yarinyar ta tsaya tana kallo. Can sai ta zagayo ta durƙusa kusa da kakarta, ita ma ta juya baya tana jira.