Abin Da Baba Ke Taɓawa

Ya murɗa makullin motar marigayi mahaifinsa, famfon mai ya yi gum. Ya sake murɗawa, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Kansa ya ɗaure tamau. Jiya da ta ƙi tashi, ya ɗora laifin kan siririyar wayar da ta tsufa, ya ja wa famfon sabuwa mai kauri tun daga batir. Fis lafiya, batir cike. To me kuma?

A waje abokan tseren motar mahaifinsa sun jera motoci, suna jiran tsohuwar motar mai injin turbo ta ja gaban gawar marigayin zuwa makabartar garin Bayamon.

"Injiniya, ko mu tura ta ne?" in ji kawunsa.

Uwarsa ta leƙo ta taga cikin baƙaƙen kaya. "Ka taɓa Maryamu?"

"Mama, don Allah! Wuta ce ba ta zuwa, ba albarka ba."

"Ubanka bai taɓa tayar da motar nan bai taɓa Maryamu ba."

Don a zauna lafiya ya ɗora yatsa kan ɗan gunkin Maryamu da ke manne kusa da sitiyari. Gunkin ya nutsa, ƙyas! Daga bayan motar famfo ya soma gurnani. Ashe ɓoyayyen makunnin famfon ne, na maganin ɓarayi.

"Mama, duk shekarun nan ba addu'a yake yi ba?"

Ta share ido. "Kai da ka taɓa yanzu, me kake roƙo?"