Goron Gayyar Shinkafa

Kai mijina, ka ce na'urorinku na ofishin Kano suna ta kiran 'yan'uwansu na Zariya, shiru, har ka ƙi cin tuwona. Ka ce kowane saƙo da lambarsa, duk ƙofar da ya wuce a rage ɗaya, in ta ƙare ya tsaya. Yo wannan ne ya hana ka ci? Ni ban yi boko mai nisa ba, amma saurara.

An yi wani manomi a bakin kogi, shinkafarsa ta nuna, ruwa kuma yana ta hauhawa, in ba a yanke ta cikin kwana uku ba kogi zai cinye. A ƙasarsu da goro ake kiran gayya. Maroƙin kowane gari ya ɗauki ɗaya, ya yi shela, ya miƙa saura ga na gaba. Inda goro ya ƙare, nan magana ta kwanta. Manomin kuwa ya saba kiran 'yan unguwa, sai ya ba da goro ɗaya kamar kullum. Maroƙin garinsu ya jefa a baki, ya yi shela mai daɗi, shi ke nan. Ƙannen manomin uku da ke tsallaken kogi ko labari. Ya wuni a bakin gona yana cewa sun yanke zumunci, su kuma can suna cewa yaya ya yi arziki ya manta da su.

Cikin haushi ya ɗauko ƙwaryar goro guda zai aika. Matarsa ta riƙe ƙwaryar, ta ce, "Malam, so kake a ji har Borno? Wa zai tuƙa musu tuwo?" Ta lanƙwasa yatsu: garinsu, mashigi, kasuwar tsallake, sannan ƙauyen ƙannen. Huɗu. Huɗun ta ɗaure a ganye. Washegari da hantsi sai ga kwalekwale biyu cike da ƙanne da 'ya'yansu, kowa da laujensa, har da mai ganga. Kafin la'asar an gama yanka, ƙaramin ƙanin yana tsokanar yayan wai goro ɗaya ma ai ya yi ƙoƙari. Aka ci tuwo, ya ishi kowa, babu baƙon da ya zo taka dami.

To mijina, lambar saƙonku ita ce goron, ƙirga ƙofofin Kano zuwa Zariya ka ba shi daidai su. Shi ya sa Hausawa suka ce, daidai ruwa, daidai tsaki.