Kwana Tara Ba Doya

A rana ta tara matar wani gida ta ajiye taɓarya, ta fito ta sami wani dattijo jingine da katangarta, yana haki cikin sabon takalmin gudu.

Likita bai ɓoye masa ba: ko ya rage kilo goma sha biyar, ko zuciyarsa ta gaza. Ba doya, ba shinkafa, ba tuwo. Sai ƙwai, kifi da zogale, da tafiyar awa guda kowace yamma. A Lafia, inda ake jera doya kamar bulon gini, wannan ba ƙaramin horo ba ne. Yana kiyayewa, amma kullum tafiyarsa a nan take yankewa, bayan gidan da ake kirɓa sakwara.

Matar ta miƙo masa malmalar sakwara tana tururi, da miyar agushi.

"Baba, karɓa mana. Kullum kana tsaya nan kamar ɗan sanda. Yunwa ba abin kunya ba ne."

Yawunsa ya tsinke. Ya mai da hannuwansa baya.

"Na gode, 'yata. An hana ni."

"To me kake nema?"



"Kina bugu uku, ki tsaya ki jiƙa taɓarya. Haka marigayiya mai ɗakina take yi. Shekara biyu ke nan turminmu a kife."

Ta koma ciki da kwanonta. Ya san sakwarar ta riga ta yi laushi. Ya juya zai tafi, sai ya ji turmin ya sake amsawa.