Lallen Maƙabarta

Tunda an naɗa ka, kuma na ji har ka fara zancen gyare-gyare, bari in ba ka misali da wani mai unguwa da ya riga ka wannan zafin nama.

A unguwarsa akwai wani tsoho mai lambu, lambun nasa ya yi iyaka da maƙabarta. Albasa yake nomawa da ɗan tattasai, amma rabin ruwan rijiyarsa ba su ke sha ba. Shekara sittin da ɗoriya, duk wanda ya rasu a unguwar shi ke nuna inda za a haƙa, shi ke fara sara, in jama'a sun watse kuma sai ya dawo da reshen lalle ya kafa wajen kan mamacin, ya riƙa ba shi ruwa har ya kama. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa dalili. An ɗauka tsufa ne, kowa da irin nasa. Ana nan sai mai unguwa ya je jana'iza birni, ya ga maƙabartarsu a share tas, ya dawo ya dubi tasu ya ga daji. Ya sa aka yi shelar gayya. Tsohon ya dogaro sandarsa har ƙofar gidan mai unguwa, ya yi masa bayani cewa ruwan sama ya daɗe da baje tsofaffin kaburbura, in ba lallen nan ba, babu abin da ke nuna inda mutum yake kwance. "Ranka ya daɗe," in ji shi, "ba ciyawa ba ce, rajista ce." Mai unguwa ya yi masa irin godiyar da ake yi wa tsofaffi, ya sa aka ba shi goro. Ranar Asabar aka sare, aka tumɓuke saiwa, aka cinna wuta. Wurin ya yi kyau, wannan ba a musu, har hoto aka ɗauka. Bayan haka an yi rasuwa biyu ko uku, tsohon ya nuna wuri da ka, aka binne lafiya, abin da ya ƙara tabbatar wa mai unguwa cewa lallen nan ado ne kawai.

Wata bakwai da gayyar, tsohon ya cika da hantsi, yana da shekara casa'in da wani abu. Aka taru aka yabe shi yadda ya kamata, mai unguwa ya fi kowa iya tsara magana, ya ce irin wannan bawan Allah a tsakiyar maƙabarta ya dace a sa shi, ya kuma tafi da kansa ya nuna wurin. Ba a kai gwiwa da haƙa ba diga ta faɗa kan fasassun tukwanen da ake rufe mamaci da su. Aka yi salati a hankali, aka mayar da ƙasa. Aka matsa gaba, nan kuma itacen rufi aka tarar. An riga an yi wa tsohon wanka da sutura, an sallace shi, yana kan makara a inuwar darbejiya yana jira, rana na ta ɗagawa, mahaƙa sun ajiye shebur suna kallon mai unguwa. Sai ya naɗe hannun riga ya karɓi diga, ya nufi wata kusurwa da ya rantse tun yana yaro ba a taɓa sa kowa ba. Sara na goma ƙarfen ya kafe a azara. Ya share ƙasar da hannu, ya ga giginya ce, irin wadda gara ba ta ci, an jera ta da kyau. Ya san ta. Shi ya cire ta daga rufin zaurensu shekara ashirin da suka wuce, ranar da ya ce ubansa ba za a rufe shi da itacen banza ba. Nan ya durƙushe. Wata bakwai ke nan yana zuwa ziyarar kabarin ubansa duk Juma'a, yana tsayawa can gabas yana yi wa wani bawan Allah dabam addu'a.

Sai da labarin ya isa cikin gida wajen mata, 'yar tsohon, wadda ita ma furfura ta gama cinye kanta, ta aiko mijinta. Ta ce tun ranar gayyar babanta ya bar fangali guda na gefen shinge bai shuka masa komai ba, ya ce in an rasa wuri, ga wannan, a kuma ci gaba da binnewa a sauran lambun. A nan aka sa shi kafin la'asar, tsakanin albasa da tattasai. A bakin rijiya aka tarar da rassan lalle biyu a jiƙe cikin tulu, sun fara fitar da saiwa. Mai unguwa bai tambayi na wa da wa ne ba. Ya kafa ɗaya a nan, ya ɗauki ɗayan ya koma kusurwar can, kuma an ce har ya sauka daga sarauta, shi ke jan guga kowace safiya.

To, kafin ka sa a sare abin da ka tarar, nemi wanda ya shuka shi tun yana iya amsawa. Hausawa sun ce wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.