Saura Kara Ɗaya

Ƙarfe goma na safiyar Talata Thoa ta sake buga lambar nan ta birnin San Jose a Amurka, mako na tara ke nan a jere. Aikinta taimaka wa 'yan Vietnam su bar sigari ta waya, da harshensu na gida. Kamar kullum, matar gidan ce ta ɗauka.

"Inna Lua, yau kara nawa?"

"Ɗaya tak, 'yar nan. Da shayin safe na kunna masa."

Daga kara goma suka faro. Thoa ta san halin dattawan ƙasarsu da girman kai, sai su tura matansu su yi magana a madadinsu. Amma na Baba Khiem, mijin Inna Lua, ya yi yawa, ko gaisuwa bai taɓa karɓa ba. Matar dai ta ce ba ya gardama, kuma tarin da ya hana gidan barci shekara da shekaru ya tsaya cak. Abin da ke ba Thoa haushi a labarin da take ji, da hannunta tsohuwar ke kunna masa, ga lemo ga shinkafa a jere a gabansa, shi ko yatsa ba ya ɗagawa.

Yau kuwa shugabarta ta ja mata kunne: in mai shan bai yi magana da bakinsa ba, a rufe takardarsa. Ran Thoa ya ɓaci, don saura kara ɗaya a gama.

"Inna, ki yi haƙuri, yau sai na ji shi. In ba haka ba za a hana ni kiranku."

Sai ƙarar silifa, sai motsin ajiye waya.

"Ga ki a gabansa."

Thoa ta gyara murya. Ta yaba masa, ta ce irinsa ba su da yawa, gobe kuma ranar yin sallama da sigari ce. Ko numfashi ba ta ji ba.

Da tsohuwar ta dawo kan wayar, kuka take yi.

"Ya ji ki. Shekara arba'in ina roƙonsa ya bari. Amma gaya min gaskiya, 'yar nan: in gobe ban kunna masa a gaban hotonsa ba, kamar yadda muke yi wa mamatanmu, ba zai ce na manta da shi ba? Sigarin nan ce ta kashe shi bara, kuma ita kaɗai na san yana so."