Hayaƙin Murhun Tasalla

Tun da aka kawo injin ɗinkin jiki, doka ce kowa ya je asibitin unguwa duk wata a duba masa zaren halittarsa, inda ya tsinke a ɗinke. Wai ciwon daji ya zama tarihi. Ni dai ba na yarda da abin da idona bai gani ba, amma na raka matata Tasalla, don ramarta ta fara ba ni tsoro.

Likitar, wata yarinya Hindatu, ta daɗe tana kallon gilashin injin.

"Baba, zaren Inna bai tsinke ba. Naɗewa ya yi, ya rufe wurin da ke tsare ta daga ciwon daji."

"To ku warware mana!"

"Ɗinki kaɗai injin ya iya. Wannan naɗin, shekaru ne suka yi shi. Da me take girki?"

Shekara arba'in na hana risho da gas shiga gidana, saboda tuwon itace ya fi daɗi.

Tasalla ta gyara mayafinta.

"Malam, tashi mu tafi. Rana ta yi, ban ko hura wuta ba."