Gyaran Minti Biyu

Sau uku Ritva tana murɗa makulli, tsohuwar motar ta yi gurnani ta yi shiru. Akwatunanta suna kujerar baya. Birnin Oulu za ta koma wurin ƙanwarta, bayan shekara talatin da aure.

Mijinta Veikko ya fito, ya ajiye kofin gahawarsa a kan shinge.

"Buɗe bonet."

"Bar ta kawai, tsoho. Bas ma sai Litinin. Ko in haƙura zuwa lokacin?"

"Wace Litinin? Shekara arba'in ina gyaran mota, a ce ta ƙofar gidana ta gagare ni? So kike maƙwabta su samu abin dariya?"

Ya gwada batir, da wuta. Ya shinshina, mai yana zuwa. Can ya hango wayar kwayil, mai kai wa inji wuta, tana reto, ya mayar da ita mazauninta.

"Tayar."

Bugu ɗaya ta tashi. Ritva ta sauke gilashi, ta daɗe tana kallonsa.

"Hannunka dai ba ya kuskure, Veikko. Ba sauran abin da za ka ce?"

Zuciyarsa tana cewa ki zauna, bakinsa ya ce, "Ki kula da ƙanƙara a kan gada."

Sai da motar ta ɓace cikin itatuwa, yana goge hannu da tsumma, sannan ya tsaya cak. Wayar ba ta tsinke ba, ɓera bai ci ta ba. Irinta ba ta fita sai an sa hannu an zare.

Su biyu ne kaɗai a gidan, kuma ba shi ya zare ta ba.